Ɗaura wa Fayil Zani

Duk ranar Asabar sai sun cika mini shago, samarin nan masu waya a hannu, wai sun zo in duba musu aikin da suka yi. Wannan ya ce a mako uku ya koyi rubuta manhaja daga bidiyo, wancan ya ce shi ba sai ya koya ba ma, tambaya yake jefa wa waya ta rubuto masa. Ba na musu da su, don na ga abin yana aiki. Abin da ke ba ni haushi shi ne dariyar da suke yi in sun leƙa kwamfutata suka tarar har gobe da ɗan fayil guda nake yawancin aikina, ba wata babbar ma'ajiya da ke zaune a ƙasar waje ba. Wai, "Baba Lawali, wanga ai aikin 'yan furamare na." To, wanda ya raina gajere bai taka kunama ba. Ku gyara zama in gaya muku yadda sana'ar take, tunda ku kuka tsokano ni.

Fayil ɗin nan irin wanda muke kira makulli da ajiya ne. Abu biyu kawai ya sani: ka ba shi suna, ka ba shi abin da zai riƙe a ƙarƙashin sunan. Sunan shi ne makulli. Gobe ka dawo da makullin daidai yadda ka ba shi, ya miƙo maka ajiyarka. Kamar mai ajiyar kaya ne a tashar mota, sai dai wannan ba ya gane fuska kuma ba ya jin magiya. In ka ajiye da sunan Kaura ka dawo ka ce Ƙaura, zai rantse bai taɓa ganinka ba. In kuma ka kawo kaya da sunan da wani ya riga ya yi ajiya, sai ya jefar da na farkon ya ɗora naka, ko uffan ba zai ce ba. Yana ajiyewa, yana ɗaukowa, yana sharewa, in ka matsa masa ya karanto maka makullan da ke cikinsa ɗaya bayan ɗaya, a hargitse. Iyakarsa ke nan. Amma ba ruwansa da intanet, ba ya shan batir, kuma kwamfutar da ta tsufa har tana tari ma tana ɗaukarsa.

A hannun Oga Rasaki na koyi aikin. Bayarabe ne, ubansa ma'aikacin jirgin ƙasa da aka kawo Ƙaura tun yana saurayi. Nan aka haifi Oga, nan ya tashi, in ya buɗe baki da Zamfarci sai ka rantse daga ƙauyenmu Banga aka sako shi. Shagonsa yana kusa da tsohuwar tashar jirgi. A gaba ana buga takardu da fotokwafi, a bayan labule kuma akwai tebur da kwamfuta biyu, ɗaya an cire mata murfi saboda zafi, inda yake rubuta wa 'yan kasuwa ƙananan manhajoji. Na daɗe ban tsallaka labulen nan ba. Aikina shara, zuba wa janareta mai, da buga wa ɗalibai takardun kammala karatu cike da kurakuran da ba a yarda in gyara ba. Sai da ya lura ina tsayawa bayansa ina motsa baki ina bin abin da yake rubutawa, sannan wata rana ya turo mini kujera da ƙafa bai ko waiwayo ba.

Aikin farko da ya sakar mini shi ne na kemis ɗin Alhaji Mainasara. Abin da Alhaji ke so bai taka kara ya karya ba: a buga sunan magani, kwamfuta ta faɗi kantar da yake da watan da zai lalace. Na zauna na rubuta. Duk inda manhajar ke buƙatar wani abu sai in buɗe fayil kai tsaye in ɗauko, nan a shafin sayarwa, can a shafin shigo da kaya, can kuma a shafin bincike. Ta yi aiki tsaf. Na kira Oga ina hura hanci. Ya ja kujera, ya gangara da rubutun har ƙasa, ya hauro, sannan ya dube ni ta saman gilashinsa.

"Lawali, mi na wanga?"

"Aiki na, Oga. Gwada ka gani."

"Na ga aiki. Amma ka saki hwayil tsirara shina yawo cikin gari, kowa yag gamu da shi sai shi taɓa. In gobe Alhaji yac ce a sake wani abu, wuri nawa za ka bi kana gyara? Tashi ka ɗaura mai zani."

Na ɗauka zolaya ce, ashe sunan abin ke nan. Masu sana'ar suna ce masa rafa, wato abin da ake naɗe wani abu da shi, mu kuwa a Turancin kasuwa rafa zanen mata ne, shi ya sa Oga ya fassara abinsa ya huta. Zanen nan kilas ne, kuma ba ajin makaranta nake nufi ba. Wani yanki ne na rubutun manhaja da kake tara ayyuka 'yan gida ɗaya a cikinsa, ka raɗa masa suna. Shi kaɗai ke da izinin taɓa fayil. Sauran manhajar ba ta san sunan fayil ɗin ba, ba ta san inda yake kwana ba. Mai son ajiya ya gaya wa zani, mai son ɗauka ya gaya wa zani. Shi zai buɗe, ya kulle ƙofa kada wani ya shigo rubutu a lokaci guda su yi karo, ya yi abin da aka aike shi, ya rufe nan take. Fayil ɗin da aka bari a buɗe aka ɗauke wuta, sau da yawa sai dai a yi masa addu'a, kuma kun san halin wutar garin nan.

Makon nan zancena ke nan a gida: ban gama zanen Alhaji ba, zanen Alhaji ya kusa, zanen Alhaji ya ba ni wahala yau. Lokacin ina sabon aure. Wata safiya sai amaryata Rabi ta miƙo mini atamfa a leda, ta ce tunda na koma ɗinki a ɓoye in haɗa da tata, kuma kada in matse hannun rigar.

Rubuta zanen kansa ba wuya, ko ku za ku yi shi kafin shayi ya huce. Abin da ba za ku samu a bidiyo ba shi ne abin da ake sawa a cikinsa, don wannan sai ka zauna da masu amfani da shi ka ga yadda suke ɓata abu. Mai jiran kemis ɗin Alhaji yau ya buga suna da manyan baƙaƙe, gobe da ƙanana, jibi ya bar fili a ƙarshe. Sai na koya wa zani ya mayar da komai ƙananan baƙaƙe, ya aske filin, ya cire lanƙwasar ƙa da ɗa da ɓa kafin ya yi makulli. Fayil abu ɗaya yake riƙewa a ƙarƙashin kowane makulli, Alhaji kuwa yana son kanta da wata da sunan kamfani, sai zani ya ƙulle su ƙulli ɗaya wajen ajiyewa ya kwance wajen ɗaukowa. Doka ta ƙarshe ta Oga ce, kuma a kanta ba ya wasa. "Kak ka bari sabo shi danne tsoho. In ka iske makulli da mai shi, aje na biyun gehenai, mutum shi zaɓa da idonai."

Aikin da ya koya mini sunaye shi ne na Malam Ɗahiru, mai sayar da maganin dabbobi a Moriki. Yana yi wa garke allura, yana so ya san garken wa aka yi wa, da wane magani, da lokacin da za a maimaita, don akwai maganin da in aka ninka wa saniya kafin lokaci sai ta kwanta. Makulli shi ne sunan mai garke. Ba a jima da kai masa aikin ba ya aiko a kira ni, wai kwamfuta tana haihuwar mutane. Na hau mota ranar kasuwa na je. Abin da na tarar shi ne, makiyayi ya zo da kansa ya ce sunansa Buba, wani zuwan maƙwabcinsa Bahaushe ya rako shanun ya ce na Garba ne, ranar da Malam Ɗahiru ya buga da hannunsa kuma ya sa Abubakar don shi ne sunan yanka. Mutum ɗaya, garke ɗaya, makulli uku, kowanne da labarinsa. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san Buba da Garba da Abu duk Abubakar ne, Shehu da Manu Usmanu ne, Sanda Umaru, Mamman Muhammadu. Fayil bai sani ba, wanda ya ƙirƙiro shi a can ƙasarsu ma bai taɓa jin labari ba.

A kan benci, tsakanin kukan shanu da hayaniyar dillalai, na buɗe zani na koya masa: kowane suna aka ba ka, mayar da shi ga sunan yanka kafin ka yi makulli, amma ka adana yadda mutumin ya faɗa a cikin ajiyar, don da shi za a kira shi ya amsa. Sai wata ta ɓullo, don da aka tattara su Abubakar ya yi yawa, kai ka ce rabin kasuwar rana ɗaya aka raɗa musu suna. Na mayar da makullin gaɓa uku: sunan mutum, sunan ubansa, sunan ƙauyensu. Duk wannan wuri ɗaya na yi shi, ban taɓa ko layi guda a sauran manhajar ba. Kafin la'asar na gama, Malam Ɗahiru ya sa aka dama mini fura da nono mai kauri, na kama hanya. A cikin mota na ce Allah ya saka wa Oga, don da fayil ɗin tsirara yake da sai na kwana Moriki.

Shekaru suka tura. Oga ya tsufa, ciwon ƙafa ya matsa masa, 'ya'yansa suka ɗauke shi zuwa kudu, yana tafiya yana masifa wai za a kai shi inda ba a iya tuwon dawa ba. Ya bar mini shagon. Intanet ya zo ya zauna, kowa ya koma ajiye bayanansa a can sama, ni ma na bi, don in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. Rajistar jarrabawa, cike takardun neman aiki, manhajar da mai shago zai duba kayansa yana Makka. Zanen nan ya koma gefe, yana kwance cikin wani tsohon laftof a ƙarƙashin tebur.

Sai shekarar da aka kashe sabis. Ba a daɗe ba, duk kun tuna. Saboda 'yan bindigar daji hukuma ta rufe layukan waya, aka dakatar da kasuwannin mako, mai ya yi wuya. Mutum in yana so ya gaya wa ɗan'uwansa an yi rasuwa sai ya hau mota ya tsallaka wata jiha ya kira. Duk manhajar da na yi wa mutane a 'yan shekarun nan ta zama gawa, ka buɗe ta tana ta juya ɗan zobe tana neman hanya. Shago ba kowa. Na rufe, na koma Banga ina taya yayana yankan gero, hannun da ya saba da madannai ya yi kanta har ya fashe. Ban taɓa ganin sana'ata ta zama banza ba irin wannan lokacin, kuma abin ya yi mini ciwo ƙwarai.

A can gona Malam Isiya ya same ni. Tsohon hedimasta ne, yana cikin dattawan Ƙaura da suka haɗa kai suna ciyar da mutanen da suka gudo daga ƙauyuka. Ya ce abinci ba shi ne babbar damuwar ba. In an tashi ƙauye ba a tsayawa shawara: miji ya yi Zurmi, mata ta yi Ƙaura, yara sun bi maƙwabta sun ɓulla Shinkafi, ga shi ba waya. Kullum mutane na tsaye a kansa suna tambayar ko an ga wane.

"Lawali, wai na'urar taku ba ta iya komi in babu sabis?"

"Akwai wadda ka iyawa, Malam. Tsohuwa ta, amma tana yi."

Na kakkaɓe laftof ɗin, na aro farantin sola da batirin mota, na kafa tebur a barandar wata firamare a Ƙaura inda aka sauke mutane. Zanen Moriki na ɗauko kusan yadda yake. Makulli suna da uba da ƙauye, ajiya kuma inda mutum ya sauka, da waɗanda ke tare da shi, da wanda yake cigiya. Malam Isiya ya samo malaman makaranta biyu masu laftof, ɗaya a Zurmi ɗaya a Shinkafi, na zuba musu manhajar. Abu ɗaya na ƙara wa zanen, ya iya karɓar fayil ɗin wani gari ya juye a namu ba tare da ya danne kowa ba. Mai kai da kawowa wani direba ne, Ɗanjuma, da ke bin hanyoyin nan in sun yi lafiya. A cikin naɗin hularsa yake sa filashin da muke kwafe fayilolin a ciki. Shi ne intanet ɗinmu, kuma in taya ta fashe intanet ya tsaya.

Abin ya yi aiki. Mutum ya zo ya faɗi abu uku, in buga, in an dace in ce masa ɗan'uwanka yana Zurmi gidan wane. In ba a dace ba in rubuta shi, in ce ya dawo in Ɗanjuma ya zo. Mace ta ce Shehu take nema, malamin Zurmi ya rubuta Usmanu, zani ya haɗa su ban ko sani ba.

Wata safiya layi ya kawo wata tsohuwa gabana, Bafulatana, doguwa siririya, da ƙullin kaya a ka da ta ƙi saukewa. Ita kaɗai ta iso a bayan wata motar hatsi, ba wanda ya san ta a makarantar.

"Sannu Inna. Wa kika biɗa?"

"Jikokina."

"Ɗiyan wa?"

"Ɗiyan wancan."

"Wane wancan, Inna?"

Ta kau da kai ta dubi bango. Nan na gane. Ɗan fari ne, kuma uwa irinta ba ta kama sunan ɗan fari ko ita kaɗai ce a ɗaki, balle a gaban maza. Cewar da ta yi jikoki take nema ma kunyar ce, ɗan take nema. Ƙauyen ta faɗa ba gardama, rugarsu tana gefen Tungar Ƙirya, a ƙasar Zurmi. Na ce to sunan uban yaron fa. Ta ja mayafi ta rufe baki. Mijinta ke nan, ya rasu da daɗewa, amma mutuwa ba ta sa a kama sunan miji.

Layi ya fara gajiya. Wani dogo da ke bayanta, wanda aka ƙone wa rumbu kuma yana ta zuwa cigiyar matarsa ba a dace ba, ya ɗaga murya.

"Ta san abin da taka ɓoyo. Ɗan nata na cikin daji da bindiga, shi as sa ba ta hwaɗin sunanai."

Aka fara gunaguni, wasu matan suka ja da baya daga gare ta. Raina ya ɓaci, don cikin mutanen nan za ta kwana, kuma na san abin da irin wannan magana ke jawowa a shekarar nan.

"Malam, wa ad ɗan hwari gidanku?"

"Ni na. Mi yak kawo wagga magana?"

"Tsohuwarka ta taɓa kiran sunanka ka ji?"

Wata dattijuwa daga can baya ta ce, "Wa yag ga ta kira? Ko da wasa." Aka ɗan yi dariya, amma dariyar ba ta wanke zargin ba. Abin da zai wanke shi da abin da ta zo nema duk ɗaya ne, a ga sunan ɗanta cikin waɗanda suka gudo.

Na sassauta murya na ce, "Inna, ƙannenai hwa? Su ai kina kiran su."

"Mai bi mai Ummaru. Mai bi ma Ummaru, Shehu. Kai da ka yi karatu, lissahwa."

Na lissafa. Gidan da aka jera Umaru da Usmanu, na gabansu Abubakar ne. Na samu suna, na samu ƙauye, saura uba. To ga inda nake so ku buɗe kunne, ku masu cewa aikin 'yan firamare. Fayil ɗin nan ba ya karɓar rabin makulli. Ko ka ba shi gaɓa ukun cif, ko ya ce babu. Da manhajar irin wadda na fara yi wa Alhaji Mainasara ce, da sai in ba ta haƙuri, don ba a farke manhaja gaba ɗaya layi na tsaye batir na sauka. Amma ƙofa ɗaya ce. Na ce jama'a su ɗan yi mini uzuri, na buɗe zani, na ƙara masa aiki guda: bi makullan nan ɗaya bayan ɗaya, duk wanda ya fara da Abubakar ya ƙare da Tungar Ƙirya, tsince shi ka jero mini. Layuka kaɗan ne.

Mutum biyu suka fito, daga namu da na Zurmi. Na karanta mata su da sunayen iyayensu. Ko gezau ba ta yi ba, ba su ba ne. Saura na Shinkafi, kuma Ɗanjuma ya kwana biyu bai zo ba, an ce hanyar Moriki ba lafiya. Na rubuta ta, don sunanta na kanta ta faɗa ba wata kwana, Jumma, ko ɗan zai yi cigiyarta daga can. Na ce ta shiga aji ta huta. Ta ƙi. Ta je gindin dogonyaron da ke gaban barandar ta zauna, ta ɗora ƙullinta a cinya. Nan nake barinta in na tashi, nan nake samunta da safe. Malam Isiya da kansa yake kai mata abinci, don matan ajin ba su sake da ita ba. Ba ta taɓa zuwa ta tambaye ni ko an samu labari ba, amma duk motar da ta tsaya bakin makarantar sai ta ɗaga kai.

Wata rana da azahar sai ga Ɗanjuma, mota duk taɓo, yana tafe yana ba da labarin hanyar da ya zaga. Ya cire hula ya zaro filashin. Na juye na Shinkafi a namu, na sa zani ya sake tsincewa. Yanzu sun ƙaru. Kafin in aika a kira ta har ta iso bakin tebur, layi ya dare mata. Dogon nan ma yana nan.

"Inna, ba sai kin ce komi ba. Ni ka karantawa, ke dai ki saurara."

Na fara. Garba Isa, tana kallona. Abu Maikano, tana kallona. Garba Aliyu, shiru. Buba Hamidu.

Ta ja mayafin ta rufe fuskarta duka, ta juya mini baya.

Na buɗe ajiyar, kuma da gangan na ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. Buba Hamidu, rugar Tungar Ƙirya, ya iso Shinkafi a ƙasa da matarsa da yara, an kore musu shanu, sun sauka gidan wani mahauci da ya saba sayen dabbobinsu. A wurin cigiya malamin Shinkafi ya rubuta cewa yana neman tsohuwarsa, an tambaye shi sunanta ya ce a sa Inna. Wato shi ma can ya ƙi kama sunan uwarsa, shi ya sa rubuta ta da na yi bai amfana komai ba. Dogon ya sunkuyar da kai yana murza yatsu, wata mata ta ce Allahu akbar a hankali.

Ɗanjuma ya ce gobe da safe zai koma Shinkafi in hanya ta yi kyau, gidan gaba na motar nata ne. Ta juyo, ta sauke mayafin zuwa haɓa, fuskar nan kamar ba a ce komai ba.

"Yaran dut suna nan?"

"Suna nan, Inna."

"To madalla. Su nika biɗa dama."

Ta ɗora ƙullinta a ka ta nufi gindin itacen. Na ɗaga hannu zan kira na gaba, sai ga ta ta dawo. Ta duƙo daidai kunnena, ta yi ƙasa da murya.

"Ɗan nan, sake karanta shi in ji."

"Wane, Inna?"

"Na hwarkon."

Na ce, "Buba."

Ta ce, "Ƙara."

Na ƙara. Layi yana tsaye cikin rana, ba wanda ya ce in yi sauri.